Neman kalma: me za mu kira "unlock" idan saba ce kake shiga daga nesa?

Jama'a salamu alaikum, masu harkar kwamfuta da malaman Hausa dan Allah ku matso kusa, akwai abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya.

Ina gida wajen sha ɗaya na dare yaron da nake koya wa aiki ya kira ni, wai oga sabar ofis (server, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ta kulle kanta, ya shiga ta Remote Desktop, manhajar da kake sarrafa wata kwamfuta da ita daga nesa, daga laftof ɗinsa ya bar wani kwafi yana tafiya ya je ya ci abinci, ya dawo ya tarar da rubutu wai a danna Ctrl+Alt+Delete. Na ce toh ka buɗe mana. Ya danna, sai laftof ɗinsa ne ya amsa, sabar ko motsi. Sau uku yana yi. Ni kuma ina ta "ka buɗe, ka buɗe", shi kuma yana ce min "ai a buɗe take oga, ina ganinta". Kuma wlh gaskiyarsa ne, tagar Remote Desktop ɗin a buɗe take a gabansa, abin da ke cikin tagar ne a kulle. Daga ƙarshe na ce danna Ctrl+Alt+End, nan take gurbin kalmar sirri ya fito.

Sai na zauna ina tunani, laifin ba na yaron ba ne, kalmar "buɗe" ce muka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Kunna na'ura mu ce buɗe, haɗuwa da saba mu ce buɗe, login buɗe, unlock ma buɗe. Abu huɗu suna ɗaya. Haka "rufe" ma, kuma ita ta fi haɗari, don na taɓa ce wa wani "idan ka gama ka rufe" ina nufin ya danna X ɗin tagar ya bar aiki na tafiya, shi kuma ya je ya yi sign out, wato ya fita gaba ɗaya, duk abin da ke gudana da sunansa ya mutu, kwafin awa huɗu muka sake daga farko.

Bari in fara da mai sauƙi. Server dai na ga masu fassara suna cewa uwar garke, kuma kalmar ta yi kyau a rubuce, amma ban taɓa jin wani a bakin aiki ya ce "uwar garke ta faɗi" ba, kowa saba yake cewa. Na bar ta a saba, wanda zai rubuta littafi ya sa uwar garke, ba faɗa.

Login screen kuma ni zaure nake so mu kira shi. Ku duba fa, ka iso gidan amma ba ka shiga cikin gida ba, kana tsaye inda ake tambayar wane ne. Na ga ana rubuta "allon shiga", ba laifi, sai dai allo a kunnen Bahaushe na makaranta ne, zaure kuwa ko kakata na ce wa na tsaya a zaure ta san ban samu shiga ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Unlock ba login ba ne. Login shi ne ka zo sabo, a buɗe maka zama sabo. Unlock kuwa ka riga ka shiga, kayanka na ciki a baje yadda ka bar su, ka fita ka ja ƙofa, ko ka danna Windows+L ko na'urar ta ga ka daɗe ba ka taɓa ta ba ta kulle da kanta, yanzu ka dawo. Da farko na rubuta "zare sakata" don daɗin faɗa.

Wani malami cikin masu sharhi a ƙasa ya kayar da ni a kan wannan, kuma na karɓa. Ya ce sakata daga ciki ake sa ta, kuma duk wanda ke ciki zai zare ta ba ya buƙatar komai, alhali nan kai kana waje ne kuma sai da ɗan makulli, wato kalmar sirri. Ya ce wannan kwaɗo ne. Gaskiya ne malam, Allah ya ƙara sani. Sai wani ya zo yana tambaya kwaɗon ruwa ko kwaɗon zogale hhh, ɗan'uwa idan aka ce maka an sa wa shago kwaɗo ai ba ka zuwa da cokali. Don haka lock ya zama sa kwaɗo, unlock ya zama cire kwaɗo. Ni dai ya zauna min.

Remote desktop ne ya fi jawo surutu. "Tebur na nesa" dan Allah a bar shi, wannan fassarar kalma da kalma ce, wanda bai san Turancin ba zai ɗauka kafinta ake nema. Wani ya ce "dogon hannu", na yi dariya sosai don ma'anar ta dace, kana Kano hannunka na Kaduna, amma ka je ka ce wa manaja ma'aikacinka yana da dogon hannu a sabar kamfani ka ga abin da zai biyo baya. "Hangen nesa" kuma tuni tana da mai ita, kuma ba hange kaɗai kake yi ba, kana danna abubuwa. Wata 'yar'uwa ta kawo "tuƙin nesa", ta ce ai sitiyarin ne a hannunka motar tana wani gari. Wannan ta burge ni. Na san a baki yara za su ci gaba da cewa "na shiga ta rimot", ba mai hana su, amma a rubutu tuƙin nesa nake ganin za ta rayu.

Saura maɓallan nan uku. Dalilin da ya sa laftof ɗin yaron ya amsa ba sabar ba, da gangan aka gina Windows haka: Ctrl+Alt+Delete tsarin na'urar da ke gabanka ne kaɗai ke kama shi, ba ya barin wata manhaja ta tare shi, don kada wani ya zana zauren bogi ka zuba masa kalmar sirrinka. To manhajar tuƙin nesa ita ma manhaja ce, ba ta isa ta karɓe shi ba, shi ya sa Microsoft suka ware Ctrl+Alt+End ya zama ɗan aike. A sauran manhajojin tuƙin nesa irin su VNC da AnyDesk da TeamViewer kuma akwai wurin da za ka zaɓa a cikin jerin umarni ya tura maka shi can. Idan kuma tuƙi cikin tuƙi kake yi, wato ka shiga saba ɗaya daga cikinta ka sake shiga wata, End ɗin a ta farko zai tsaya, abin da nake yi shi ne in kira madannan kan fuska a ta cikin, ka rubuta osk a wurin bincike zai fito, in riƙe Ctrl da Alt a madannaina in danna Del ɗin da linzami.

Na so in kira wannan dannawar "sallama", tunda a zaure ake yi kuma mai gida kaɗai ke amsawa. Sai na tuna sallama baki biyu gare ta, ana yi a shiga ana yi a rabu, ka ce wa yaro "yi wa sabar sallama" ya je ya yi sign out mu koma gidan jiya. Ƙwanƙwasawa ta fi. Delete ƙofarka kake ƙwanƙwasawa, End ƙofar can.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna min cewa su madannansu na Faransanci ne, Suppr ne a rubuce a wurin Delete, Fin a wurin End. Kun ga ma amfanin kalmar tamu, ni da shi ba ma karanta abu ɗaya a kan maɓalli amma idan na ce ƙwanƙwasa ƙofar can ya gane. Masu ƙananan laftof da ba su ga End ba kuma ku duba kan kibiyar dama, a wasu sai an haɗa da maɓallin Fn.



Ɗazu na gwada a kan yaron, na tura masa saƙo ba Turanci ko ɗaya sai sunan maɓalli: "ka hau tuƙin nesa, idan ka tarar da kwaɗo a zaure ka ƙwanƙwasa da End ka cire, idan ka gama ka sauka kawai kar ka tashi zaman." Bai kira ni ba, bayan minti biyar ya turo hoton aikin yana tafiya. Abin da kawai ya tambaya shi ne "oga mene ne zaman", session nake nufi, kuma ni ma ban gama yarda da ita ba don zama ya yi kama da na kotu ko na majalisa. Wanda ke da wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa.