Hankaka, mai da ɗan wani naka: sata ce ko riƙo?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga manyanmu. Jiya a wurin aiki wani babba ya karɓi rahoton da yaransa suka kwana suna haɗawa, ya ɗora sunansa a kai ya miƙa sama. Da ya ba da baya sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Hankaka ke nan, mai da ɗan wani naka." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Duk zaman da nake yi bayan kwata ina kallon hankaki, ban taɓa ganin wanda ya ɗauko ɗan wani ya rena ba. Ɗauka kam na sha gani, amma ciki ake kai wa. To ina wannan magana ta samo asali?

Goggon Yara: Wa alaikumus salam ɗana. Mu dai abin da muka tashi muka ji a bakin kakanninmu, wai hankaka ba ya ƙwai. Sai dai ya saci ƙwan wani tsuntsu ko ɗan tsako, ya kai sheƙarsa ya yi ta reno har ya rikiɗe ya koma hankaka. Hujjarsu ita ce wai ba wanda ya taɓa ganin ƙwansa. A cikin gida kuwa habaici ne zalla. Mace ce za ta riƙa jan ɗan kishiyarta da alewa da ɗan loma a ɓoye, har yaro ya daina kwana ɗakin uwarsa. Ranar da uwar ta cika, tana daka tana waƙa za ka ji ta sako hankaka a ciki. Wadda aka yi dominta ta san da ita ake.

Baba Mai Madubi: Hajiya, Allah ya jiƙan kakanni, amma hankaka yana ƙwai. Wanda bai gani ba, hawa ne bai yi ba, don ba ya sheƙa a inda hannu zai kai. Can ƙololuwar giginya ko rimi yake yi, yanzu kuma ya gano ƙarfen sabis da turakun babban layin lantarki. Sheƙar tarin ƙirare ce har da guntayen waya, a shimfiɗe cikinta da tsumma da gashin dabba. Ƙwan shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore, da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, yawanci huɗu ko biyar. Kwanci kwana 18 zuwa 19.

Sai dai tsofaffi ba su yi ƙarya ba, akwai abin da suka gani. Akwai wani tsuntsu ɗan'uwan ragon maza, ya ɗara kurciya tsawo saboda doguwar wutsiya, da ɗan tukku mai ruwan toka a ka, bayansa da fukafukansa duk ɗigon fari, ƙirjinsa fari mai ɗan rawaya-rawaya wajen maƙogwaro. Gizaka ce abincinsa, wadda yawancin tsuntsaye ba sa taɓawa. Mu a tsakaninmu Mai-tukku muke ce masa. Shi wannan bai san wahalar gina sheƙa ba. Macen sai ta faki idon hankaki, wani lokaci namijin ya ɗauke musu hankali su bi shi da kora, ta faɗa sheƙar ta saka nata ta yi gaba. Ƙwan ya yi kama da na masu gida, sai dai ƙanƙanta. Nata kuma kamar mako biyu yake ƙyanƙyashewa, wato ya riga 'yan gida fitowa, ya riga su buɗe baki.

Na taɓa zama ƙarƙashin wata giginya da bazara, madubi a ido. Ga hankaka ya sauko da wani abu a baki, ga wani ɗan tsuntsu a kan reshen darbejiya kusa da wurin, baƙar hula a kansa, gashin fiffikensa ja-ja, cikinsa fari tas, yana karkaɗa fukafukai yana tsala ihu. Hankakan nan ya matso ya zura masa a baki, ya goge bakinsa a reshe, ya koma neman wani. Ko kusa ba su yi kama ba. Manomin da ya ɗaga kai ya ga haka shekara ɗari da suka wuce, me kuke so ya ce in ba sata ba? Ko a shekarun 1970 wasu masu bincike sun bi sheƙunan hankaki a Sakkwato, kuma sun tarar da ƙwan wannan baƙo a cikinsu.

Ɗan Fadama: Ikon Allah! Ashe ƙazafi aka daɗe ana yi wa bawan Allah. An kawo masa jinjiri an ajiye a zaure, ya ci da shi ya sha da shi, kuma a ce shi ne ɓarawo. Ke nan Baba, a wurin aikinmu yaran ne hankakin, ogan shi ne Mai-tukku.

Baba Mai Madubi: Haka lissafin ya nuna. Da ni ne a wurin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi zan ce.

Sarkin Musu: To ni ban yarda a fara gyara wa Bahaushe magana da madubin hangen nesa ba. In aka bi ta nan, gobe a ce gizo ba ya da mata Ƙoƙi. Yaron ofis ya faɗa, kowa ya gane, an yi dariya, magana ta yi aikinta. Saura me?

Malam Na Tudu: Sarki, ba wanda ya ce a gyara. Ni ma da nake koyar da karin magana da kirari, a kirarin tsuntsaye nake sa ta, layi ɗaya da balbela ci da motsin wani. Bahaushe ya kalli halin tsuntsu ya yi masa take, daga baya aka ɗauki taken ana jifan mutane da shi. Na balbela ya fito daidai: shanu na tafiya suna tayar da fara da ƙwari, ita tana biye tana cafkewa. Na hankaka ma, in kun lura, babu inda aka ambaci sata a cikinsa. Cewa aka yi ya mai da ɗan wani nasa, kuma abin da Baba ya gani a gindin giginya ke nan. Satar tana cikin labarin da aka jingina wa kirarin, ba a cikin kirarin ba. Saboda haka a ganina ana iya faɗa wa mai riƙon maraya ita, ta zama yabo.

Goggon Yara: Allah ya gafarta Malam, a allo ne take zama yabo. Je ka gidan suna ka tarar da matar da ta riƙe marayan wanta tun yana zanin goyo, ta yi masa kaciya ta sa shi makaranta, ka ce mata "sannu hankaka" a gaban mata. In ka fito da rawaninka a ka, ka zo ka ba mu labari. Wa ke son a haɗa shi da mai cin mushe da bin juji? Mai riƙo tana da maganarta ta yabo, ɗa na kowa ne. Shekaruna sun ja, ban taɓa jin an yabi mutum da hankaka ba.

Hajiyar Damagaram: Yaya, ni kam an faɗa mini ita ban ji haushi ba. Ƙanwata ta kawo mini 'yarta yaye, da niyyar wata ɗaya ko biyu. Da ta zo ɗauka yarinya ta maƙale a zanina tana kuka, ta ƙi ko kallonta. Ƙanwar tawa ta riƙe haɓa tana dariya ta ce, "Kai Yaya, hankaka mai da ɗan wani naka!" Muka yi ta dariya, ta koma gida ita kaɗai. A ɗakina aka yi wa yarinyar nan lalle. Amma fa na san da kishiya ce ta faɗa mini, ko dangin uban yarinyar, da sai an kira manya. Bakin da ya faɗa shi ne abin dubawa. Ko can ma a wasan akwai ɗan ƙorafi a ƙasa, uwa ce fa, ta ji zafi.

Goggon Yara: Yauwa. Wasa daban, yabo daban. Kin dai faɗa da bakinki.

Malam Na Tudu: Na karɓi wasan, yabon kuma ban janye ba tukuna. Amma akwai dalilin da ya sa kunnen Bahaushe ke jin zargi a maganar. Addini ya kwaɗaitar da riƙon maraya matuƙa, amma ya hana a sauya wa yaro uba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, kuma kowa ya san ƙissar Zaidu ɗan Harisa. Shi ya sa ɗan riƙo ko agola zai girma a gida, a yi masa komai, amma ranar rabon gado a san ɗan wane ne. To "naka" ɗin nan na ƙarshe shi ne ke da nauyi. Riƙe ɗan wani alheri ne, mai da shi naka ne ake ja da baya.

Ɗalibar Laminga: Iyayena ku yi haƙuri in tsoma baki. Game da cewa an cuci hankaka, akwai wani bincike da aka fitar a 2014 daga arewacin Sifaniya, bayan an shekara 16 ana bin sheƙuna. Mai-tukkun dai shi ne, amma hankakan can wani iri ne, baƙi ƙirin ba farin ƙirji. Ɗan Mai-tukku ba ya turo ƙwan masu gida ƙasa kamar yadda wani ɗan'uwansa na Turai ke yi, tare suke tashi. Kuma in aka taɓa shi sai ya saki wani baƙin ruwa mai ɗan karen wari. An shafa ruwan a nama an ba kyanwa da tsuntsaye masu farauta, yawancinsu suka ƙi ci. Sai aka tarar a shekarun da maɓarnata suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙo ta fi tsira. Ba kyauta ba ne dai, don inda aka tsira ɗin 'ya'yan gida kan ragu, baƙo ya cinye musu rabo.

Sarkin Musu: Ato. Ashe ɗan haya ne mai gadi, ba cima-zaune ba. Amma 'yata, hankakan Sifaniya ba na kwatar Kano ba ne.

Ɗalibar Laminga: Gaskiya ne Kawu, shi ya sa na ce wani iri ne. Ga na gida kuwa, wanda kowa zai iya gani daga bakin murhu. Kun san ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki, wanda muke kira ba'u. Shi ma yana da nasa baƙon: wani ɗan ƙaramin tsuntsu, namijin baƙi mai sheƙi da farin baki da jajayen ƙafafu, da damina za ku gan shi a kan wayar lantarki yana ta surutu. Macen a sheƙar ba'u take saka ƙwai. Ɗanta in ya buɗe baki, zanen da ke cikin bakin iri ɗaya ne da na 'ya'yan ba'u, don haka uwar riƙo ba ta bambancewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, in namijin ya girma kukan ba'u yake sakawa cikin nasa, macen da ba'u ya rena kuma mai wannan kukan take zaɓa. A nan dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take kusa da Jos, akwai wani ba'un duwatsu da sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, shi ma da nasa baƙon da ke kwaikwayon kukansa.

Hajiyar Damagaram: To fa! Ina masu cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi? Gidan da aka haife shi ko gidan da aka rene shi? Ni wannan ta yi mini daɗi, sai na faɗa wa ƙanwata.

Goggon Yara: Kada ki yi saurin murna. 'Yata, in ya tashi aure ba'u yake aura?

Ɗalibar Laminga: A'a Goggo, 'yar'uwarsa yake nema.

Goggon Yara: To kin ji. Ya ci gero a gidan, ya koyi harshen gidan, ranar aure ya nemi danginsa. Tsintacciyar mage ba ta mage.

Malam Na Tudu: Wannan kuma ta yi tsauri Hajiya. Mun ga 'ya'yan riƙo da suka fi 'ya'yan ciki jin ƙai.

Goggon Yara: Mun gani Malam, Allah ya yi musu albarka. Tsuntsu nake faɗa.

Ɗan Fadama: Baba, in mutum yana son ya ga wannan abu da idonsa, yaushe zai fara dubawa?

Baba Mai Madubi: Daga ƙarshen rani zuwa farkon damina. In ka ga hankaka na yawo da ƙirare a baki, bi shi da ido ka gane bishiyar. Kada ka hau, kada ka tura yara su hau, ƙarfen sabis da turken lantarki kuwa ko kusa. Ka samu inuwa nesa kaɗan ka zauna da sassafe. In ka ga hankaki biyu sun taso wani mai doguwar wutsiya a gaba suna ihu, to ka riƙe sheƙar nan. Ɗan baƙon yakan riga 'yan gida barin sheƙa da makonni, don haka a rassan da ke kewaye za ka neme shi, kunnenka zai kai ka kafin idonka. Ba kowace sheƙa ake samu ba, sai ka yi haƙuri.

Sarkin Musu: Wanda ya samu hoto ya turo. Kafin nan ni dai ina nan kan bakana, ogan Ɗan Fadama hankaka ne.

Goggon Yara: In kun je wurin tsuntsun ku gaishe shi, ku ce an wanke shi daga satar 'ya'ya. Amma ku tambayar mini shi 'yan tsakina da ya kwashe bara a bayan rumbu, a wace makaranta ya sa su.