Karta biyar a tsakiyar tabarma: yadda kowa ya koya

Mai buɗe magana, daga Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata biyu ke nan ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya kawo mana wani wasan poka fadarmu, wanda ake kira Texas Hold'em. A baki ƙa'idar ba wuya. Karta 52 ce, ba a cire ko ɗaya. Kowa a ba shi biyu a rufe, sai a zuba biyar a buɗe a tsakiya: uku tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Cikin bakwai ɗin nan kake zaɓar biyar mafi ƙarfi. Amma mu da wasan karta na belot muka tashi, inda wanda ya ci yake kwashe abin da ke ƙasa. Na yi kwanaki kafin zuciyata ta yarda cewa as ɗin da ya faɗo tsakiya, wanda nake murna da shi, na kowa ne, har da wanda ke zaune kusa da ni. Ku a ina ya fi ba ku wuya?

Tela, daga Zango:
Wa alaikumus salam, yaya. Ni bale, kartar nan mai hoton saurayi, shi ne ya wahalar da ni. A belot balen atu, wato furen da aka zaɓa ya fi sauran ƙarfi, maki 20 ne, tara 14, su ne manya. A nan babu atu sam, bale yana ƙasa da dam, dam ƙasa da sarki. Sannan ƙananan nan daga 2 zuwa 6 da muke warewa gefe, namu ma sun ɓace tuni, sai da muka sayo sabuwar karta a kasuwar Dole. Ranar farko aka ba ni 5 da 6, na raina su na zubar. Sai ga 4, 7, 8 a ƙasa. Jeri ne cikakke na yar da hannuna.

Wani ɗalibi:
Mu a bayan kwalin shayi muka rubuta yadda haɗin karta ke fin juna ƙarfi: jeri, samansa biyar masu fure ɗaya, samansa uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, samansa huɗu iri ɗaya. Sati guda muna duba kwalin, daga baya ya zauna.

Direba, hanyar Damagaram zuwa Kano:
Ku jira sai kun shiga Omaha, wani nau'in poka. A can huɗu ake ba ka a rufe, sai ka ɗauka sauƙi aka yi maka. Sharaɗin shi ne dole biyu daga hannunka, uku daga ƙasa, ba ƙari ba ragi. Wani dare zuciya huɗu suka fito a tsakiya, ni kuma ina riƙe da as na zuciya, shi kaɗai. A Hold'em na gama cin kowa ke nan. Na buɗe, abokina ya ce ban ci ba. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, don na ɗauka zalunci ake so a yi mini, har shayin ya huce a kan gawayi muna gardama. Babbanmu a fadar bai ce da ni komai ba, sai ya jawo kartata ya ce in ciro biyu da kaina, in haɗa da uku na ƙasa yadda na ga dama. Na juya ta kowace fuska, zuciya huɗu kawai nake samu. A nan na fahimta, na kuma ba abokina haƙuri. Duk wanda zai koya wa wani Omaha, don Allah ya shimfiɗa masa wannan misalin tun kafin a raba.

Malamin lakwal, daga Sabon Gari:
Ƴan uwa, abu ɗaya ke damuna. Wasan nan an gina shi a kan zubi ne, tun kafin a raba mutum biyu ke sa nasu dole. Da ido na ga maƙwabcina ya rasa babur ɗin da yake kabu-kabu da shi a caca, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar shakka ba. Mu ƙwallon dabino muke rabawa, hamsin-hamsin, ko dala ɗaya ba ta shiga. Akwai malaman da ba sa son karta ko babu kuɗi, wannan ma kowa ya tambayi malaminsa.

Mai buɗe magana:
Gaskiya ne, Malam. Mu tsinken ashana ne, kuma da an kira salla ake tattarawa.

Tela:
Saura tambaya ɗaya. Jiya sarki ɗaya ya fito ƙasa, ni ina da sarki da 9, ɗayan yana da sarki da dam. Muka raba, don kowa sarki biyu gare shi.

Direba:
Ba a rabawa, ƙanena. Dam ɗinsa ta fi taranka, shi ya ci. Sai biyar ɗinku sun zo daidai da juna gaba ɗaya ake rabawa. Ka mayar masa da ashanarsa yau da dare.