Abokiyar aikinmu mai juna biyu tana da ciwon sukari: me za mu kawo ranar zagayowar haihuwarta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Abokiyar aikinmu tana da ciki wata bakwai, kuma a wurin awo an tabbatar mata da ciwon sukari na masu juna biyu. Ranar Alhamis ce zagayowar ranar haihuwarta. Mu 12 ne a ofis, kuma mun saba yin karo-karo mu sayo kek, lemon kwalba, cincin da fanke. Ba ma so mu ajiye mata abin da zai cutar da ita, ba ma kuma so ta zauna tana kallonmu muna ci. Don Allah masu sani, me za mu saya, me za mu bari?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya saka muku da wannan kulawa. Kafin ku kashe ko sisi, mutum ɗaya ya same ta a keɓe ya tambaye ta abu biyu: me aka tsara mata ta ci, kuma da abinci kawai take sarrafa sukarin ko tana shan ƙwayar maganin sukari ta metformin ko allurar insulin. Amsar tana canja shiri. Mai allurar insulin ba a jinkirta mata abinci don ana jiran wani ya fito daga taro, domin sukarinta zai iya faɗuwa. In kun ga tana rawar jiki, gumi ko jiri, ta auna sukarinta. In ya yi ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL), a ba ta abin zaƙi mai ɗauke da sukari kimanin giram 15, kamar rabin kofin lemo, ta sake aunawa bayan minti 15.

Abin da ke faruwa shi ne mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke hana insulin aiki yadda ya kamata, shi ya sa aka fi gano ciwon tsakanin mako na 24 da na 28. Yawancin asibitoci suna son awon safe kafin karin kumallo ya kasance ƙasa da 95, awa ɗaya bayan cin abinci ƙasa da 140, awa biyu ƙasa da 120. Da safe jiki ya fi gardama, don haka kada ku yi walimar da ƙarfe tara. Ku haɗa ta da abincin rana.

Babban abin da za ku cire shi ne lemo, ba kek ba. Kwalbar Coca-Cola mai 35cl tana ɗauke da sukari kusan giram 37, wato wajen cokalin shayi tara, kuma da yake ruwa ne nan take yake shiga jini. Lemon malt da na kwali ma haka suke. Kunun aya da aka niƙa da dabino ma haka, kuma zuma ba mafita ba ce. Zoɓo ku bar shi, ana shawartar mai ciki ta kauce masa. Ku sanya ruwa mai sanyi da yankan kokwamba da lemon tsami a babban jug, kowa ya sha.

Mai sana'ar girki:
Hajiya, ku cika teburin da abin da kowa ke so, ba sai an ware mata faranti kamar marar lafiya ba. Ga mutum 12: gasasshiyar kaza uku ko tsire, dafaffen ƙwai kiret ɗaya, awara, gyaɗa soyayyiya, kwaɗon zogale, da kabeji da kokwamba da tumatir. Ku gaya wa mai kwaɗon kada ta sa sukari a garin ƙuli, da yawa suna sawa. Alale yana da kyau amma wake ma yana da sitaci, gwangwani ɗaya ƙarami ya isa. Naman ya gasu har ciki, a kawo shi da zafinsa, kuma a bar hanta. Fura da nono na talla a bar shi, sai dai yogot marar sukari na kamfani.

Kek ɗin kuma ana iya yinsa da garin almon maimakon fulawa. Fulawa giram 100 tana da sitaci kusan giram 75, garin almon kuwa wajen giram 20 ne, kusan rabinsa ma harza ce. Awon: garin almon giram 200, ƙwai 4, narkakken bota giram 100, bakin hoda cokalin shayi ɗaya, ɗan gishiri, ɗan banila, da stevia ko sucralose (abin zaƙi madadin sukari) gwargwadon abin da kwalinsa ya ce ya yi daidai da rabin kofin sukari. Ki raba farin ƙwai da gwaiduwa, ki buga farin har ya yi kumfa ya tsaya, sannan ki juya shi cikin kwaɓin a hankali. Wutar oven digiri 170 na Celsius, minti 25 zuwa 30.

Inda ake samun matsala: garin almon ba shi da danƙon fulawa, in kika cire shi daga gwangwani da zafi zai wargaje, sai ya huce sarai. Samansa yana saurin yin duhu saboda mai, ki rufe da foyil bayan minti 15. Stevia in ta yi yawa ɗaci take bari a harshe. In garin almon ya yi tsada za ki iya niƙa gyaɗa, amma kaɗan-kaɗan kina tsayar da injin, in ba haka ba tunkuza za ki samu, ba gari ba. Kada a shafa masa aisin, a jera yankan tuffa ko kankana a kai.

Masanin abinci mai gina jiki:
Na yarda da su, amma ina da gyara ɗaya. Ba a hana ta sitaci ba. Mai ciki tana buƙatar aƙalla giram 175 a rana saboda ita da jaririn, abin da ake nema shi ne a rarraba shi. Sitacin abin taɓawa tsakanin abinci yawanci giram 15 zuwa 30 ne. Yankan kek na shago mai aisin yana iya wuce giram 40, amma siriri, faɗin yatsu biyu, an kankare aisin ɗin, zai iya shiga lissafinta in awonta yana tafiya daidai kuma likitanta bai hana ba. Sharaɗin shi ne ta fara cin nama da ganye, ta rage shinkafar ranar, kek ya zo ƙarshe, sannan ta taka na minti 10 zuwa 15. Ku taka tare da ita.

Ku yi hattara da biskit da alewar da aka rubuta wa "babu sukari". Fulawarsu tana nan, kuma sorbitol ko maltitol da ake sa musu a madadin sukari suna iya kawo kumburin ciki da gudawa.

Abu na ƙarshe, ku ja kunnen abokan aikinku. Kada kowa ya leƙa farantinta ya ce "an yarda ki ci wannan?", kada kuma a matsa mata da "ɗan ƙara mana, yau ranarki ce". Tana huda yatsa sau huɗu a rana, ta fi kowa a ɗakin sanin abin da jikinta ke ɗauka. In ba duka ofis suka san da ciwon ba, ba naku ba ne ku sanar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Gobe zan tambaye ta batun allurar, sannan mu mayar da walimar ƙarfe ɗaya da rabi, bayan sallar azahar.