Bishiyoyi biyu a tukunya suna zubar da ganye, ko za su farfaɗo?

Sabon Manomi: Assalamu alaikum. An bar mini bishiyoyi biyu a tukunyar roba, ban ma san irinsu ba. Ɗaya mai ƙaya ce, ganyenta ya yi rawaya yana zuba. Ɗayar kuma bakin ganyenta ya ƙone, ga wani fari-fari a saman ƙasar. Kullum ina ba su ruwa. Ina mafita?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Murje ganyen mai ƙayar ka shinshina, in ka ji ƙamshin ɓawon lemo, dangin lemo ce. Ɗayar, in ganyayenta biyu-biyu suke suna kallon juna, sabon reshe kuma mai kusurwa huɗu, gwaiba ce. Mangwaro ganyensa dogo ne, tohonsa ja-ja.

Kankare ɓawon reshe da farce. Kore a ciki, da sauran rai. Ruwan kullum ɗin nan nake zargi, domin saiwa na buƙatar iska, in ƙasa ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar mai ƙishirwa, mutum ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Zare bishiyar ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙi-baƙi ce mai wari, tana saɓulewa a hannu. Datse ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, ka sake dasawa a haɗin ƙasa kashi 2, yashi mai tsakuwa kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Tukunyar ta zama a huje. A inuwa za ta zauna mako 2, kuma ba ruwa sai ka tura yatsa santimita 5 ka ji a bushe.

Uwar Shuka: Malam, farin nan gishirin taki ne ko na ruwa ya taru, shi ke ƙona bakin ganye. Kwashe ƙasar sama, ka kwarara ruwa ninki 2 zuwa 3 na cikin tukunyar, a hankali, ya tsiyaye tas. Kada ka bar faranti da ruwa a ƙarƙashi.

Mai Aure Bishiya: Don Allah kada a zuba takin zamani yanzu, saiwar da ta ji rauni ƙonewa za ta yi. A jira sabon toho, sannan a ba da rabin awo. Duba gindin lemon kuma, in an yi masa aure, wato an haɗa reshen wani lemo a kan gindin wani, za ka ga ɗan kumburi a wurin haɗin. Duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin a cire shi, in an bar shi zai cinye na saman.