Tambaya: daga ina kalmar "zuga" ta samo asali?

Abu Maryam: Assalamu alaikum. Muna cewa an zuga yaro ya yi faɗa, maƙeri kuma yana zuga wuta. Kalma ɗaya ce, ko kama ce kawai?

Jikan Maƙera: Wa alaikumus salam. Ɗaya ce, kuma maƙera ce gidanta. Zugazugi ma zuga ce aka ninka. Fatun akuya biyu ne, bakinsu ya haɗu a bututun yumɓu da ke shiga ƙarƙashin gawayi. Mai zuga yana danna dama yana ɗaga hagu don kada iska ta yanke. Amma ka lura, zugazugi ba ya kunna wuta. Sai an ɗora garwashi, an rufa masa gawayi, galibi na ƙirya saboda zafinsa da daɗewarsa. A hankali ake farawa. In ka danna da ƙarfi tun fari, toka ta tashi, garwashin ya watse. In kuma ƙarfe ya wuce ja ka ci gaba har yana fesar da tartsatsi, ya ƙone, aikin ya lalace. Fatar tana son mai, in ta bushe sai ta tsage.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, malam. Shi ya sa Bahaushe ya raba ayyukan. Ƙyastawa farawa ce daga babu, da ashana ko ƙyastu. Hurawa da baki ake yi. Izawa tura itace ne cikin murhu. Cinnawa kai wuta ne inda ba a so ta. Ita zuga sai ta tarar da abin da ke ci a ƙasa-ƙasa, haushi ko girman kai, ta ba shi iska. Kuma ba kullum sharri ba ce: a waƙar baka, zuga na tafiya tare da yabo, da ita makaɗi ke tayar da ɗan dambe.

Almajirin Zaure: Ƙari kaɗan. Fitina, wadda muka aro daga Larabci, ita ma daga wuta ta fito. Asalinta narka zinariya ko azurfa don a ware mai kyau daga gauraye. Da ma'anar ƙonawa ta zo a Suratuz Zariyat, aya ta 13.

Abu Maryam: Na gode ƙwarai. To "tunzura" fa, ita ma ta maƙera ce?