Taƙaitawa: Me ya sa burtsatsen bakin teku ke komawa zartsi?

Jama'a, tattaunawar nan ta yi tsawo tun da wani ɗan'uwanmu na Tudun Wadar Zariya da ke ci-rani a Legas ya ce ruwan gidansu ya fara ɗanɗanon gishiri. Ga abin da na tattaro.

1. An yi ittifaƙi kan dalili. Ruwan daɗi ya fi na teku rashin nauyi, don haka a ƙarƙashin ƙasar gaɓar teku shi ne a sama, na gishiri a ƙasa. Idan aka yawaita zuƙo na daɗin da injin, na gishirin sai ya taso. Malaman ilimin ƙasa daga Samaru sun ce raguwar mita 1 a matakin ruwan daɗin da ke sama kan iya jawo gishirin ya hauro kimanin mita 40. Wannan lissafi ya tayar min da hankali ƙwarai.

2. Tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara shi take yi.

3. A rage awannin zuƙa, a tara ruwan sama, a riƙa kai ruwan gwaji.

An rabu kan ƙara zurfin rijiya. Wasu sun ce za a tarar da ruwa mai kyau a can ƙasa, wasu suka ce tarar aradu da ka ne, domin rijiyar da ba a toshe gefenta da kyau ba kan zama hanyar gishirin. Ni na fi karkata ga na biyun.

Mu a Zariya teku ta yi mana nisa, ƙasarmu kan dutse take. Damuwarmu ƙafewar rijiyoyi da rani, musamman inda kowane gida ya haƙa tasa burtsatsen.