K98k da Rasha ta gyara: ta harbi ce ko ta ajiya?

Mai tambaya: Jama'a, ana sayar da wata Mauser K98k, tsohuwar bindigar sojan Jamus, mai alamar X a jiki. Lambar sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi) daban, ta bututu daban. Kayan tarihi ce, ko ta filin harbi kawai?

Amsa ta 1: Ɗan'uwa, wannan ganimar Tarayyar Sobiyet ce daga Yaƙin Duniya na 2. Sun wargaza bindigogin, suka sake baƙanta ƙarfen, suka harhaɗa su da duk kayan da hannu ya kai, suka shafe ƙota da jan fenti mai ƙyalli. Sau da yawa lambar sakatar da alƙalamin lantarki aka zana ta. Masu tara kayan tarihi sun fi biyan kuɗi ga wadda lambobinta na masana'anta suka dace ko'ina. Taka ta harbi ce.

Amsa ta 2: Kafin harsashin farko, maƙerin bindiga ya gwada tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da ɗakin harsashi, tunda sakatar ba tata ba ce. In tazarar ta yi yawa, kwanson harsashinta (7.92×57) na miƙewa, har ya tsage. Haska cikin bututu ka duba ramukan tsatsa. Tsofaffin harsasan soja kuwa suna barin gishiri mai jan laima: bayan harbi a wanke bututun da ruwan zafi tukuna, a busar, sannan a shafa mai.

Amsa ta 3: Malam, ban yarda ba ta da daraja ba, gyaran Sobiyet ɗin ma tarihi ne. Kada dai ka kankare fentin, ko ka huda ƙarfen don ɗaura madubin hangen nesa. Nan take farashinta zai faɗi.